Inshorar tsohon jirgin ruwa mai filafili: wacce zan ɗauka cikin ukun nan?

Tambayar daga wani ɗan'uwa likita ce, mai aiki a Southampton da ke kudancin Ingila. Ya ce: "Assalamu alaikum. Na sayi tsohon jirgin ruwa mai filafili, irin wanda iska ke turawa, tsawonsa ƙafa 31, ƙirar 1984, a kan fam 18,000. Yana ɗaure a turke a tsakiyar ruwan Portsmouth. Ranakun hutu nake fita da shi, wani lokaci da iyali, wani lokaci ni kaɗai, kuma ina so in tsallaka Faransa idan zafi ya shigo. Kamfanoni uku sun ba ni farashi: fam 140, fam 290 da fam 410 a shekara. Na farkon ɓarnar da na yi wa wani kawai zai biya, sauran biyun kuwa kowanne ya ce tasa cikakkiya ce. Wacce zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Likita. Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya, ya tsare ka da iyalinka a kan ruwa. Na yi shekaru ina dillancin inshorar ƙananan jiragen ruwa a wannan gaɓar da kake, kuma rabin aikina zama ne da mutanen da jirginsu ya riga ya lalace, muna karanta takardar da ya kamata a ce sun karanta tun ranar da suka biya kuɗi. Don haka ba daga farashi zan fara ba. Hukuncin inshora a addini na bar wa malamai. Ni abin da ke cikin takardun nan zan buɗe maka.

Mu fara kawar da ta fam 140. Mu da muka taso a Najeriya mun saba da inshorar mota wadda ake yanka don a nuna a shingen hanya, a ninke a jefa cikin aljihun mota. A Ingila doka ba ta tilasta wa mai jirgin shaƙatawa yin inshora a kan teku ba, amma tashoshin ajiye jirage da masu ba da hayar turke suna sharɗanta ta, galibi ta fam miliyan 2 ko miliyan 3, don ɓarnar da jirginka zai iya yi wa wani. Kada ka raina wannan ɓangaren, shi ne mafi girma a duk takardar. Idan jirginka ya nutse, fam 18,000 ka yi asara, ka san iyakarta. Idan kuwa ya tsinke cikin dare ya bi iska ya faɗa kan jirage huɗu masu tsada, ko sandar da ke riƙe ƙasan filafili ta juyo ta fasa kan baƙon da ka ɗauko, wannan asara ba ta da iyakar da ka sani, tana iya cin gidanka. Abin da ya hana ni ba ka shawarar ta fam 140 shi ne, da yawa daga irinta ba sa biyan kuɗin tsamo gawar jirgi idan ya nutse, ko su sa masa ƙaramin adadi. Hukumar tashar ruwa ba za ta bar tarkace a hanyar jirage ba. Za ta sa ka ɗauke, ko ta ɗauke ta aiko maka da takardar biya, kuma kuɗin masu ninƙaya da injin ɗaga kaya da kwashe man da ya zuba yana iya zarce kuɗin jirgin kansa. Irin wannan inshora ta dace da mai jirgin fam 2,000 wanda ya yarda ya rasa shi. Kai ba ka cikinsu.

Saura biyu, kuma a nan aikin yake. Kalmar "cikakkiya" talla ce. Abin da ke raba fam 290 da fam 410 yana shafin da aka jera abubuwan da kamfani ba zai biya ba, kuma ga jirgin da aka ƙera a 1984, sakin layi ɗaya ya fi duk sauran nauyi: wanda ke magana a kan tsufa, tsatsa da lalacewar yau da gobe.

Babu kamfanin da ke biyan tsufa, kuma wannan adalci ne, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tambayar ita ce: idan wani ɗan ƙaramin abu ya tsufa ya karye, karyewarsa ta jawo babbar ɓarna, babbar ɓarnar fa, wa zai biya? Wata takardar tana cewa ba za a biya abin da ya tsufa ba, amma za a biya ɓarnar da ta biyo baya, muddin mai jirgi yana kula da shi yadda ya kamata kuma laifin ba wanda ido zai iya gani ba ne. Wata kuma tana cewa ba za a biya duk asarar da tsufa ya jawo ba, kai-tsaye ko ta bayan gida. Layi biyu ne masu kama da juna, amma tsakaninsu akwai jirgi guda.

Na ga wannan da idona. Wani dattijo mai jirgi kusan sa'an naka ya bar shi lafiya ƙalau ranar Lahadi, ranar Laraba aka kira shi aka ce jigon jirgin, wato dogon sandan da ke ɗauke da filafili, shi kawai ake gani a saman ruwa. Da aka tsamo shi aka ɗora a kan tudu, na tsaya kusa da safiyon da kamfani ya turo, wato ƙwararren mai duba lafiyar jirgi, ya sunkuya ƙarƙashin wurin wanke kwanuka ya kama bawul ɗin da ke jikin gindin jirgi, wanda ruwan wanke-wanke ke fita ta cikinsa. Bai ko sa ƙarfi ba, abin ya zo a hannunsa. Ya miƙo mini. A waje yana nan kamar lafiyayye, a ciki ya koma ja-ja-ja, da na matsa da babban yatsa ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Tagulla ce mai araha irin ta famfon gida, ruwan gishiri ya yi shekaru yana tsotse sinadarin zinki daga cikinta har ta yi gautsi. Abin da bai kai fam 40 ba ya nutsar da jirgi. Takardar dattijon irin ta biyun ce. Bai samu ko kwabo na jirgin ba, kuma har yau ina tuna yadda ya tsaya yana jujjuya ɓarɓashin nan a tafin hannunsa bai ce komai ba.

Saboda haka ka rubuta wa kamfanonin biyu wannan tambaya, a rubuce ba ta waya ba: idan bawul ɗin gindin jirgi ya ci tsatsa ya karye jirgin ya nutse, za ku biya jirgin? Ka ƙara ta biyu: idan ɗaya daga wayoyin ƙarfe da ke riƙe jigo ta gaji ta tsinke jigon ya faɗi, za ku biya jigon da filafilan da abin da ya fasa? Amsar da suka bayar ka adana ta tare da takardar. Ka kuma sani yawancin kamfanoni suna sa ran a canza wayoyin nan kusan duk shekara 10. Idan wanda ya sayar maka bai ba ka rasit mai nuna shekarar da aka canza su ba, ka ɗauka ba a canza ba.

Abu na gaba da zan duba shi ne yadda za a ƙiyasta kuɗin jirgin idan ya tafi gaba ɗaya. Akwai takardar da ake yin ittifaƙi a kan ƙima tun farko, a rubuta fam 18,000, ranar asara a biya fam 18,000. Akwai wadda ke cewa za a biya abin da jirgin zai yi a kasuwa ranar da ya lalace, wato sai bayan asara za a fara ciniki, kai kana cikin baƙin ciki, su kuma suna riƙe da tallace-tallacen jirage mafi araha da suka samo a intanet. Ga tsohon jirgi ta farkon ta fi. Amma ko a cikinta ka duba ragin da ake yi wa wasu kaya. Tsoffin sharuɗɗan kasuwar Landan na jiragen shaƙatawa, waɗanda ake kira Institute Yacht Clauses na 1985, kuma takardu da yawa na yau daga cikinsu suka tsiro, sun ba kamfani damar rage har kashi ɗaya bisa uku a kan filafili, igiyoyi, murafan jirgi da injin da ake maƙalawa a bayan kwalekwale. Sun kuma cire filafilin da iska ta yaga yana buɗe, sai dai idan karyewar jigo ko wani hatsari ne ya jawo. Takardun zamani wasu sun sassauta, wasu sun ƙara tsanani har suna rage wa jigo da inji bisa shekarunsu. Jigon 1984 da aka rage masa rabi, kai ne za ka cike gurbin.

Ka kuma lura da kason da za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu. Sau da yawa arahar takarda a nan take ɓuya: an rage maka fam 120 a shekara an ɗora maka fam 500 a kan kowace ɓarna, wani lokacin a ninka idan abin ya faru da dare ko kana kai kaɗai.

Yanzu maganar turke, wadda na fi jin tsoro a lamarinka. Jirgin da ke cikin tasha a jikin gada daban yake da wanda ke ɗaure a tsakiyar ruwa, yana juyawa da cikowar teku da janyewarta, sarƙa ɗaya ce tsakaninsa da gaɓa. Takardu da yawa suna amincewa da turke daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba ne kawai; daga Nuwamba zuwa Maris dole jirgi ya hau tudu ko ya shiga tasha mai kariya. Mutum mai aiki irin naka, da kwanan asibiti da kiran gaggawa, abu ne mai sauƙi ya ce bari sai mako mai zuwa, mako mai zuwa ya zama tsakiyar Nuwamba, iska ta taso. Lokacin sanyin Ingila ba ya wasa da jirage. A farkon Maris na 2018 guguwar da aka sa wa suna Emma ta tarwatsa tashar ƙananan jirage ta Holyhead a Wales, jirage kusan 80 suka lalace ko suka nutse, alhali waɗannan a cikin tasha suke. Ka duba ranakun da aka rubuta maka, ka sa su a wayarka. Ka duba ko an sharɗanta ƙwararre ya binciki sarƙar turken duk shekara, ka karɓi shaidar binciken daga mai turken ka ajiye. Sarƙa a ƙarƙashin ruwa take cinyewa, a inda take gogar laka, ba a inda kake gani ba.

Duk wannan yana komawa ga abu ɗaya: kamfani ba jirginka yake karewa ba, jirgin da ka siffanta masa yake karewa, a wurin da ka ce yake, a hannun wanda ka ce zai tuƙa. Dokar Inshorar Teku ta Birtaniya ta 1906, wadda Najeriya ma ta kwaikwaya a tata ta 1961, tana da tsanani ƙwarai a da: ka saɓa sharaɗi ɗaya, ko da ba shi da alaƙa da asarar, kamfani ya fita. An sassauta wannan. Dokar 2012 ta masu sayen inshora don amfanin kansu ta ce abin da ke kanka shi ne ka kula ka amsa tambayoyin kamfani daidai. Wanda ya yi ƙarya da gangan, a soke takardarsa, ana ma iya riƙe kuɗinsa. Wanda ya yi sakaci, a biya shi gwargwado: idan fam 300 ya biya alhali da ya faɗi gaskiya fam 400 za a caje shi, kashi uku bisa huɗu na diyya zai samu. Dokar Inshora ta 2015, wadda ta fara aiki a Agustan 2016, ta hana kamfani fakewa da sharaɗin da saɓa shi ba zai iya ƙara haɗarin asarar da ta faru ba. Idan abin kashe gobararka ya wuce wa'adi sannan ɓarawo ya sace maka inji, ba za a haɗa su ba. Amma jirgin da ya tsinke daga turke a watan Disamba alhali an ce ya hau tudu tun Nuwamba, babu dokar da za ta cece shi, saɓawar ita ce silar asarar.

Don haka ka gaya musu kana fita kai kaɗai. Wasu takardun sun yarda da rana kawai, wasu sun ƙayyade awoyi, wasu sun hana sam. Ka faɗi iyakar gogewarka ba ƙari. Idan kana da shaidar koyon tuƙin jirgi ta Day Skipper, wadda RYA, ƙungiyar masu jiragen shaƙatawa ta Birtaniya, ke bayarwa, ka ambata, tana iya rage maka kuɗi. Idan wata rana abokai suka ja ka tseren zagaye tsibirin Wight, wanda ake yi tun 1931, ka sani jigo da filafili galibi ba sa cikin kariya a lokacin tsere sai an ƙara sharaɗi na musamman. Idan kuma wani ya ba ka kuɗi don ka ɗauke shi yawo, ka fita daga shaƙatawa ka shiga haya, takardarka ba ta san wannan ba.

Jirgi mai shekarun naka, kusan tabbas za su nemi rahoton safiyo wanda aka yi jirgin yana kan tudu. Mutane suna ɗaukar rahoton a matsayin takardar shiga, su aika su manta. Shawarwarin da ke ƙarshensa, musamman waɗanda aka ce a yi kafin jirgi ya koma ruwa, sukan zama sharaɗi a takardarka. Ka yi su, ka ɗauki hoto, ka ajiye rasit.

Tafiyar Faransa ba matsala ba ce idan ka duba iyakar da aka zana maka. Abin da aka saba rubutawa shi ne ruwan Birtaniya da gaɓar Turai daga Brest ta Faransa zuwa bakin kogin Elbe a Jamus, kuma Cherbourg, tashar Faransa da ke tsallaken ruwa daga wajenku, tana ciki, mil 60 na teku ne ko kusa da haka daga bakin Needles, duwatsun da ke ƙarshen yammacin tsibirin Wight, tafiyar awa 12 zuwa sama a jirgi irin naka. Amma mai arahar tana iya tsayawa a mil 12 daga gaɓar Ingila, ka tabbatar. Awa 12 kuma tana iya sa ka taɓa duhu a farko ko a ƙarshe, sai ka koma kan sharaɗin tafiyar dare. Ranar da zuciya ta raya maka ka wuce Brest ka ratsa tekun Biscay zuwa Sifaniya, sabuwar magana ce: za su tambayi mutum nawa ne a jirgin, a wane wata. Sifaniya, Italiya da Girka doka ce a wurinsu ka riƙe inshorar ɓarnar wani, kuma ana son shaidar cikin harshensu. Tun 2020 manyan dabbobin ruwan nan da ake kira orka suke karya wa jirage masu filafili allon juya akala a gaɓar Sifaniya da Fotugal, har wasu sun nutse, wannan ma abin tambaya ne kafin a tashi.

Akwai abu biyu da nake so ka riƙe don ranar da za ka taɓa ƙasa, domin duk mai yawo a ruwan Solent, wanda ke tsakanin gaɓarku da tsibirin Wight, wata rana zai taɓa. Tudun yashin Bramble yana nan a tsakiya yana jiran kowa. Na farko, takarda mai kyau tana biyan kuɗin ɗaga jirgi a duba gindinsa bayan ya daki ƙasa, ko da ba a sami komai ba. Ka yi amfani da wannan, kada kunya ta sa ka yi shiru. A watan Mayun 2014 jirgin Cheeki Rafiki, yana dawowa daga Antigua zuwa Southampton ɗin nan taku, nauyin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya ɓalle a tsakiyar Atlantika, ya kife, mutum huɗu suka rasu. Masu binciken hatsarin ruwa na Birtaniya sun nuna mai yiwuwa dukan ƙasa da ya taɓa yi a baya, da gyaran da ya biyo, sun raunana mahaɗar. Wannan ya wuce maganar kuɗi, iyalinka kake ɗauka.

Na biyu, bambancin ja da ceto. Masu ceton rai na RNLI, waɗanda ke wannan aiki tun 1824, ba sa karɓar ko sisi. Amma jirgin kasuwa ko na masunta da ya jefo maka igiya kana cikin haɗari yana da haƙƙin neman ladan ceto, kuma ana auna ladan ne da ƙimar abin da aka ceto da haɗarin da aka shiga, ba da awoyin aiki ba. Idan ba rai ne ke cikin haɗari ba, kafin ka karɓi igiya ka tambaya ta rediyo ko da murya a gaban shaida: ja ne, nawa ne? Ka rubuta lokaci da abin da aka ce. Sannan ka tabbatar takardarka tana biyan ladan ceto, kuma ba daga cikin fam 18,000 ɗin za a cire shi ba.

Ƙananan kaya ba sai na tsaya a kansu ba. Injin ƙaramin kwalekwale sai an kulle shi da makullin da aka yi don haka, an kuma ba su lambarsa, sannan ake biyan satarsa. Kwalekwalen a rubuta masa sunan jirgi. Waya da kwamfuta da agogo yawanci ba sa ciki.

Zaɓina, tun da ka tambaya: idan ta fam 410 ta amsa maka a rubuce cewa tana biyan ɓarnar da ta biyo bayan karyewar tsohon abu, ƙimarta ta ittifaƙi ce, ta yarda da turkenka da fitarka kai kaɗai da tsallaka ruwa, ɗauke ta kada ka waiwaya, fam 10 ne bambancin a wata. Idan ta fam 290 ta ba da amsoshin nan iri ɗaya, to ita ce, tsada kaɗai ba shaida ba ce; na sha ganin mai tsada da mugun sharaɗi. Idan duka biyun suka yi ta kewaye-kewaye, ka nemi dillalin da jiragen shaƙatawa ne sana'arsa, ka duba sunansa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya. Kana da kwana 14 bayan saye da za ka iya fasawa, ka yi amfani da su wajen karanta takardar tun daga farko har ƙarshe. In kuma wata rana aka hana ka haƙƙinka, bayan amsar ƙarshe ta kamfani ko cikar mako 8, kana iya kai ƙara ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi na Birtaniya, kyauta ne.

Kafin duk wannan, Likita, ranar hutunka mai zuwa ka shiga jirgin da tocila. Ka ɗaga katakan ƙasa, ka ƙirga ramukan da ke jikin gindinsa, na inji da na banɗaki da na wurin wanke-wanke. Ka murɗa kowane bawul ka ga yana buɗewa yana rufewa, ka kankare jikinsa kaɗan da wuƙa. Wanda ka ga ya yi ja-ja-ja maimakon ruwan ɗorawa, kada ka matsa masa jirgin yana kan ruwa. Ka sa a ɗaga jirgin a canza shi, ka aika wa kamfanin hoton sabon tare da rasit.